Baba Saiti Ya Mayar wa Kowa Idonsa

Kafin rana ta leƙo ta kan katanga, Baba Saiti ya riga ya buɗe shago, ya share ƙasa, ya shimfiɗa tsohon bargonsa a kan tebur. Shagon ɗaki ɗaya ne mai warin man inji. Sukudirebobi na rataye a bango daga babba zuwa ƙarami, a ƙarƙashinsu kuma gwangwanaye cike da 'yan harsasan dalma waɗanda ba su kai ƙwayar wake ba. Ta ƙofar baya akwai wani dogon lungu mai taku ashirin da biyar. A ƙarshensa an jibge buhunan yashi, a jikinsu an manna kwali mai baƙin ɗigo kamar maɓallin riga. Shekara talatin da ɗaya ke nan mutumin nan yana kallon ɗigon nan kowace safiya, har matarsa takan ce da ita yake kallo haka da tuni ta ƙara kyau.

Aikinsa gyaran bindigar iska. Ba ta shan albarushi, ba ta da ƙarar da za ta tayar da unguwa. Karya ta ake yi a tsakiya, ƙarfen ciki ya matse iska, iskar ta tura dalma. Manoma da masu kiwo ke riƙe ta saboda ɓeraye da tattabarun da ke ɓarna a sito. A kanta ake ɗaura madubin hange, wanda a cikinsa akwai zare biyu a gicciye, kuma inda zaren suka haɗu nan ya kamata dalma ta sauka. Daidaita wannan shi ake kira saiti, shi ne kuma ya haɗiye sunan Baba na yanka, har jikokinsa ba su san yana da wani suna ba.

Da can famfon feshi yake gyarawa. Wata shekara ɓeraye suka yi yawa, mutane suka watsa guba ko'ina. Ɓeraye suka mutu, amma ba su tafi su kaɗai ba. Kyanwoyi suka bi su, mujiyoyi suka bi su, karen Baba ma ya bi su, a gindin ƙofa ya tarar da shi. Da shekara ta zagayo ɓerayen suka dawo ninki biyu, don babu sauran mai farautarsu. Tun daga lokacin yake cewa, "Guba makauniya ce, duk wanda ya zo nata ne. Bindiga kuwa sai abin da ka nuna mata."

Duk wanda ya taɓa karɓar bindiga daga hannunsa ya san tambayarsa. Ba zai sakar maka ita ba sai ya tsayar da kai a lungu, ka ɗaga, ka sa ido. Daidai lokacin da yatsanka ya kusanci kunamar harbi sai ya ce, "Me ke bayansa?" In ka ce buhun yashi, ya ce harba. In ka yi shiru, ya karɓe ya ce ka je ka sha ruwa ka dawo. Ɓera, in ji shi, ba ya tsayawa a fili. Kullum akwai wani abu a bayansa, ko randa, ko akuya, ko ƙafar mutum.

Mai gonar lemo shaida ne, da bakinsa yake ba da labari yana dariya. Ya taɓa kawo bindiga wai a yi masa saiti zai kashe wata mujiya da ke kwana a rufin sitonsa, kukanta ya ishe shi. Baba ya kwance madubin ya jefa a aljihu, ya ce, "Je ka share ƙarƙashin inda take kwana, ka kawo min abin da ka samu, sannan mu yi magana." Mutumin ya dawo da rabin kwano na ƙasusuwan ɓera. Baba ya dube shi ya ce, "To, ma'aikaciyarka ce za ka kora?" Jikokin mujiyar nan suna rufin har yau.

Sai Mai Kaji. Mijinta ya rasu ya bar mata kaji ɗari biyu da bindigar da ba ta taɓa taɓawa ba, ɓeraye kuma suna kwashe mata 'yan tsaki. Ta zo ne ta rabu da bindigar ta sayi guba. Baba ya ce ta ba shi mako biyu. Kowace yamma yana tsaye a gefenta a lungu, yana cewa ta saki numfashi rabi, ta matsa kunama a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Maza suna wucewa suna ƙunshe dariya. Yau duk yankin babu mai hannunta, masu dariyar ma wurinta suke zuwa aron shawara.

Ita ce kuwa ta fara kawo ƙara, bara, bayan damina. Ta ajiye bindigar a kan bargo ta ce, "Baba, tun da ka yi min saitin nan zaren ya zama kamar hayaki. Jiya na harbi ɓera a cinya ya gudu yana ja, ban ji daɗi ba."

Baba ya ɗaga ya duba. Zaren ya fito masa tar, kamar an ja shi da reza. Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, idonki ne. Ki rage kallon waya."

Ta ɗauki bindigarta ta tafi, don ba a musu da Baba a kan saiti. Bayan kwana huɗu mai gonar lemo ya zo da irin wannan magana, shi ma aka ce masa idonsa ne. Na uku ma haka.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta daɗe tana lura. Ta ga yana zuba shayi yana sauka a gefen kofi. Ta ga ya gaishe da maƙwabci da sunan ƙanensa. Wata safiya ta shigo shago, abin da ba ta cika yi ba, ta ɗauki bindigar da ya gama, ta kanga a ido.

"Maigida, ni dai dishi-dishi nake gani."

"Ke da ba ki san gaban bindiga da bayanta ba?"

"Ban sani ba. Amma ni ke sa maka zare a allura wata shida ke nan."

Ya karɓi bindigar daga hannunta. A ƙarshen madubin, wajen da ake sa ido, akwai wani zobe da ake murzawa don zaren ya fito sarai ga mai dubawa. Baba ya juya bindigar ya shafa zoben, sai ya ji ya kai maƙura. Nan ya gane. Ganinsa ke raguwa kaɗan-kaɗan, shi kuwa hannunsa na ta murza zoben yana bin idon, bai taɓa gaya masa ba. Duk bindigar da ta fita daga shagon nan tun farkon damina, da idon tsoho marar lafiya aka daidaita ta.

Likita ya tabbatar. Ya ce yana ce ta fara rufe idon dama, kuma akwai wata matsala a bayanta. Za a yi aiki a samu sauƙi, amma ganin ɗigo daga taku ashirin da biyar ya tafi ke nan. Baba da Inna suka kamo hanyar gida. Ba makanta yake tsoro ba. Sunansa yake tunani, sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa, wanda in aka ce Baba ne ya yi saiti, magana ta ƙare.

Da suka isa gida ya zauna a bakin gado ya ce, "Bindigogi goma sha bakwai ne, na san masu su duka. Zan bari su riƙa kawowa ɗaya-ɗaya, in gyara a ɓoye. Ba wanda zai sani."

Inna tana naɗe kaya, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "To. Me ke bayansa?"

Ya dube ta. Shekara talatin yana jefa wa mutane tambayar nan, bai taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Bayan shirunsa akwai bindigogi goma sha bakwai a hannun mutanen da suka yarda da shi fiye da idanunsu, suna harbi cikin hayaki, kusa da awaki da randuna da ƙafafun iyalinsu. Ya ce, "Kin harbe ni da bindigata." Ta ce ai shi ya yi mata saiti.

Washegari da sassafe ya roƙi mai motar madara ya rage masa hanya. Gidan Mai Kaji ya fara zuwa. Ya same ta tana zuba wa kaji ruwa, ya cire hula, dattijo mai furfura a gaban sa'ar 'yarsa.

"'Yata, haƙuri na zo ba ki. Na ce miki idonki ne. Nawa ne."

Ta ajiye bokiti, idonta ya kawo ruwa. "Haba Baba, don wannan ka taso?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauko bindigar."

Suka jingina kwali a jikin tudun ƙasa. Baba ya zauna a kan bulo ya juya wa kwalin baya, don ba shi da abin da zai gani a can. Ya ce ta kalli sama ta cikin madubin, ta murza zoben da kanta har zaren ya fito mata. Ta murza, ta murza, sai ta ce, "Kai! Ga shi nan kamar gashi." Ya ce ta harba uku. Ta ce sun sauka hagu, kamar faɗin yatsa biyu. Ya ce ta juya maɓallin gefen madubin zuwa dama, ya kasa kunne yana ƙirga ƙas-ƙas ɗinsa. A na shida ya ɗaga hannu. Ta sake harbawa, dalma ta shige tsakiyar ɗigo.

"Daga yau ke za ki riƙa yi," in ji shi. "Da ma ba da idona za ki harba ba. Kuskurena ya girmi ciwon nan, tun farko ya kamata in koya muku."

Kwana tara ya yi yana zagaye. Ba kowa ne ya karɓe shi da fara'a ba. Akwai wanda ya ɓata rai ya ce an sa shi asarar harsashi, Baba ya ba shi haƙuri. Mai gonar lemo kuwa cewa ya yi, "Baba, da ka yi shiru wa zai sani?" Baba ya ce, "Ɓeran da zai kwana uku yana mutuwa da dalma a cinya, shi zai sani. Ɓarawo ne, na yarda, amma ba a ce a azabtar da shi ba."

Makon jiya ya rufe shago. Ba a yi taro ba, mutane dai suka yi ta zuwa har lungun ya cika. Kowane ɗaya daga cikin goma sha bakwai ɗin nan ya zo da kwalinsa, wanda ya harba da saitin hannunsa. Baba ba ya ganin ramukan, sai ya riƙa karɓa yana shafawa da babban yatsa. Ya tsaya a kan wani ya ce, "Wannan na Mai Kaji ne. Biyu a rami ɗaya, na ukun ya ɗan zame, har yanzu tana gaggawar kunama." Aka fashe da dariya, ita tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

Baba, kai ne ka raba mu da guba, shi ya sa kyanwoyinmu ke tsufa a gida. Kai ne ka koya wa gwauruwa tsare abincin 'ya'yanta da hannunta. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba ƙwarewarka ba ce, ƙwararru suna da yawa. Ranar da gaskiya za ta ci maka suna, kai ne ka hau motar madara ka kai ta gida-gida da kanka. Ka ɗauka sunan zai zube, ga shi mun fi riƙe shi yanzu. Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiya, ya saka wa Inna da alheri, don ita ma da hannunta a saitin nan.

Ku kuma masu sana'a, kowa da zoben da hannunsa ke murzawa a ɓoye. In mutum uku suka ce maka suna ganin hayaki, kada ka yi saurin cewa idonsu ne.

Har yanzu Baba na fitowa da safe, ya zauna a kujera a bakin lungu, fuskarsa na kallon rana. Mai Kaji ce ke karɓar masu zuwa saiti ranar da ta samu sarari. Shekaranjiya wani manomi ya ɗaga bindiga, yatsansa ya kusanci kunama. Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji muryarta ta riga shi.

"Tsaya tukuna. Me ke bayansa?"

Baba ya mayar da bakinsa ya rufe, ya gyara zama, ya miƙa wa Inna kofi ta ƙara masa shayi.