Inabin Yaya Haladu

Shekara tara ke nan cif da muka kai Yaya Haladu makwancinsa a Hunkuyi, Allah ya jiƙansa da rahama. Ni ne ƙaninsa na biyu, kuma aikin koyarwa ya riƙe ni a Ikara tun kafin rasuwarsa. Duk lokacin da na hau mota zuwa gida na fara hango rumfunan inabi a gefen hanya, shi nake tunawa, domin na san lokacin da ba mai wannan rumfa a unguwarmu sai shi, ana kuma yi masa dariya a kanta.

Yaya ya yi aikin lambu a Zariya yana saurayi. Can ya ga kurangar inabi, ya koyi dashenta. Ranar da ya dawo gida, ba rediyo ya kawo ba, ba keke ba, sai ɗaurin yankakkun rassa a cikin jiƙaƙƙen buhu. Ya durƙusa gaban Baba ya roƙi gefen fadamarmu, inda muke noman rake tun zamanin kakanni. Baba ya dubi itatuwan nan ya ce, "Kai, rake za ka tuge mini ka dasa ƙirare? Inabi ai a ƙasar Larabawa yake fitowa." Sai da ƙanin Baba ya sa baki aka yanka masa ɗan wuri, da sharaɗin in shekara uku ta wuce ba a ga komai ba, rake zai koma inda yake.

Shekarar farko gara ta cinye rabi. Ta biyu kurangar ta haye waya ta yi ganye shar, ba ɗa ko ɗaya. A lokacin ne ya gane sai an datse rassan ba tausayi kafin ta yi fure. Na ga ranar da ya aske gonar nan tas, mutane suna tsayawa suna tambayata ko wana lafiyarsa ƙalau. A shekara ta uku, da zafi ya shigo, ya kawo wa Baba inabi cikin ƙwarya. Baba ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya tauna, ya ɗauki ta biyu, sai ya aika a kira masa limami ya zo ya ɗanɗana. Maganar rake ba ta sake tashi ba.

Iri uku Yaya ya riƙe, kuma ya san halin kowanne kamar yadda ya san 'ya'yansa. Akwai baƙi mai ƙwallo, fatarsa da kauri, zaƙinsa na zuwa da ɗan bauri a ƙarshen harshe. Shi yake cewa a ci da tsire ko balangu, wai yana wanke maiƙo daga baki. Akwai kore mai tsami-tsami, wanda yake so a sanyaya a randa a ci bayan waina da miyar taushe. Sai ja, mai ƙamshi, wanda bai yarda a haɗa shi da komai ba. Ya taɓa kama ni ina jefa shi cikin fura, ya riƙe baki ya ce, "Haba Malam Isa, da iliminka?"

Abin da na fi alfahari da shi ya faru ne a shekarar da gonar ta yi 'ya'ya fiye da kowace. Kasuwa ta cika, zafi ya tsananta, inabi kuwa ba ya jira. Sai ga wani baƙo daga kudu da babbar mota, mutum mai fara'a da ladabi. Ya zagaya gonar, ya ɗanɗana baƙin nan, ya ce irinsa yake nema, zai kwashe duka, bana da baɗi. Yaya ya tambaye shi me zai yi da shi. Mutumin bai ɓoye ba, ya ce giya za a yi.

Ina tsaye a wurin. Na san abin da ke gida: ga iyali, ga inabi ya fara fashewa a kan waya. Yaya ya ce, "Na gode da ka faɗa mini gaskiya. Amma ban dasa shi don wannan ba." Ya cika masa kwando kyauta ya ce ya kai wa iyalinsa, suka yi musabaha suka rabu lafiya. A hanyar gida na ce masa, "Yaya, in ya ruɓe fa?" Ya ce, "Sai mu san yadda za mu yi kafin ya ruɓe."

Wani ya ruɓe ɗin, ba zan ɓoye ba, kuma shekarar ta yi mana tsauri. Amma matarsa, Yaya Binta, ta shimfiɗa tabarmi a kan rufin ɗaki ta shanya koren har ya zama zabibi, ta riƙa zuba shi a dambu. Baƙin kuma ta matse, ta tafasa da citta da kanumfari, ta tace. Ranar ake yi, ranar ake shanyewa, don Yaya ba ya barin ya kwana, gudun kada ya zama giya. Kafin a jima, ba a suna ko walima a unguwarmu sai an aiko neman ruwan inabin Binta.

Da zai ɗago yau ya ga yadda abin ya bazu daga Hunkuyi har Kudan, na san murna za ta kama shi. Zai yi mamakin samarin da ke ɗaukar hoton gonarsu a waya, mai saye na Abuja ya gani ya aiko mota. Amma na san zai yi faɗa. Zai ce ana cira tun bai nuna ba don sauri, ana kuma yawaita feshin magani. Shi kuwa ba ya barin a taɓa reshe sai ya ɗanɗana ƙwayar da ke can ƙasa, wadda ta fi jinkirin nuna. 'Yarsa Hajara ce ke kula da gonar yanzu tare da mijinta, kuma a wannan ba ta da sassauci, kamar ubanta.

Bai bar gidan bene ba, ba a kuma taɓa kiransa taro an ba shi takardar yabo ba. Amma duk wanda ya zo neman dashe sai ya yankar masa, ya bi shi har gona ya nuna masa yadda ake yi. Makon jiya a kasuwar Makarfi na tsaya gaban wata mata mai sayar da baƙin inabi, na tambaye ta wane iri ne. Ta ce, "Ɗan Haladu ne, Malam, ya fi kowanne." Na ce wane ne Haladun? Ta ce oho, ita dai haka ta ji ana kiransa. Na saya, na koma mota na zauna, na kasa ci saboda hawaye.

Allah ya kai haske kabarinka, Yaya.