Shirun Zulai

Akwai wata Litinin da har gobe ba ta fita raina ba, bana shekara biyu ke nan, saura kwana uku mu kai manhajarmu kasuwar Maigatari. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, ku gyara zama ku ji.

Kun san ban taɓa shiga aji ba, don haka ma aka ɗauke ni. Manhajar ta dillalan dabbobi ce: ka danna hoton rago, waya ta faɗa maka farashinsa da murya. Aikina gwaji. In injiniyoyi sun ce sun gama abu sai a miƙo mini waya. In na kasa, to ba a gama ba.

Mu bakwai ne lokacin a ofishinmu na Gumel. Manaja Sadisu ke raba aiki. Ƙarƙashinsa akwai Malam Habu, babban injiniya, wanda ya koyar da kusan duk sauran. Kowace safiya sai a tsaya a kewaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da ya tsaya masa. Manaja mai ladabi ne, saboda haka Malam Habu yake fara ba wa magana.

Ran nan Malam Habu ya ce, "Komai ya kammala, Alhamis sai tafiya." Na kusa da shi ya ce haka ne, na gaba ma haka, har aka zo kan Zulai, injiniya 'yar Maigatari, mai goyo. Ta ce, "Yadda Malam ya faɗa." Ni kuwa ba baki nake kallo ba. Shekara ashirin na yi ina shugabantar mata masu gyaran riɗi, na san macen da ta haɗiye magana. Sai nannaɗe bakin hijabinta take yi a yatsa.

Ku gane abin da ke gabanmu. Shugabannin dillalai sun yarda su gwada manhajar a bainar jama'a ranar kasuwa. Dillali kuwa in abu ya ba shi kunya sau ɗaya, ko kyauta ba ya sake karɓa. Wahalar wata takwas sai ta bi ruwa.

Na tare ta wajen alwala. Na ce, "Ke, furzar da abin da ke bakinki."

"Inna, ba komai."

"Ni za ki yi wa ba komai? Na haifi wadda ta girme ki."

Sai ta faɗa. A garinsu, in ka nausa can ƙarshen kara, wato kasuwar dabbobi, inda ake tsayar da shanu, waya kan saki sabis ɗin Najeriya ta kama na Nijar. Da ta kama, manhajarmu sai ta yi gum. Ta gwada da kanta ranar Asabar da ta je gida.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Inna, Malam ne ya koya mini aikin nan. Ya ce an gama, sai in ƙaryata shi gaban mutane?"

Ban ko tsaya gyara mayafi ba na faɗa ofishin Manaja. Na ce, "Ɗan nan, mutum nawa ke magana a taronka na safe?"

"Bakwai mana, Inna."

"Ɗaya ne. Sauran amin suke amsawa."

Ya yi dariya. Da na zayyana masa, dariyar ta ɗauke, ya miƙe zai kira Zulai ya yi mata faɗa. Na ce ya zauna. "Tarbiyyar gidansu ta nuna. Laifin na wanda ya jera su ne. Ni a wajen riɗi ƙarama nake fara tambaya ko buhu ya tsabtata. In babba ta riga ta ce ya yi, wa zai ce akwai tsakuwa?"

A nan yaron ya burge ni. Bai je ya ce wa Malam Habu ka yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Malam, daga gobe kai za ka riƙa rufe mana taro. Ka ji ta bakin kowa, sannan ka yanke." Malam Habu har da gyara hula.

Talata aka fara da Zulai. Ta faɗi matsalar sabis ɗin har ƙarshe. Sai Malam Habu ya ce, "Ashe a inuwar Gumel nake ta gwajina. Zulai, ɗauko wayarki." Kafin a rufe taro wasu biyu ma sun fito da abin da suka ɓoye. Manaja ya ɗauki shatar mota, muka ɗunguma Maigatari gaba ɗayanmu. A gindin wata bishiyar bedi suka baje kwamfutoci, suka gyara ta yadda manhajar za ta riƙe farashin ƙarshe da ta samu, ta faɗe shi ko da sabis ya sauya, ta kuma faɗi na yaushe ne. Laraba ni aka tura can ƙarshen kara da waya, ina danna ina dawowa.

Alhamis kasuwa ta cika maƙil. Wani dattijon dillali ya karɓi wayar, ya juya ta, ya ce, "Hajiya, a wajen shanuna zan gwada, ba a nan ba." Muka bi shi duu har inda waya ta kama Nijar. Ya danna hoton bijimi. Wayar ta yi magana tar. Ya dube mu ya ce, "Wannan ta fi yarona gaskiya, ba ta ɗora nata a kai." Kara ta kaure da dariya, wannan na cewa a danna raƙumi, wancan na miƙo tasa wayar. Ni da ba a taɓa ganin haƙorina a wajen aiki ba, sai ga ni na rangaɗa guɗa.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, masu aikin nan komai iliminsu 'ya'yan gidajenmu ne, da kunyarsu suke zuwa ofis. Duk wanda cikinku ya zama shugaba wata rana, in ya ji kowa ya ce to, kada ya yi saurin murna. Ya fara duba wa ya riga buɗe baki.