Lanƙwasar Baba Mai Fenti

Duk wanda ya taɓa bin babban titin kasuwar nan ya karanta rubutun Baba Mai Fenti, ko da bai san shi ba. Shekara talatin da huɗu yana rubuta allunan shaguna: jan allon mai takalma, koren na mai magani, shuɗin na mai gyaran agogo da ke leƙowa ta saman rumfar masu atamfa. Yanzu titin ya cika maƙil da fitilu masu walƙiya da tallan waya har hawa na uku, mutane kafaɗa da kafaɗa, amma shi in ya ratsa, allunansa kawai yake dubawa, ya yi tsaki in ya ga wani ya karkace.

Sai yanar ido ta kama shi. Aka yi masa aiki, ya yi sati uku a ɗaki, tsoro ya hana shi sakat, don in ido ya tafi, sana'a ta tafi ke nan. Likita ya ce ya warke. Baba dai bai yarda ba, wai me likita ya sani game da harafi?

Ranar da ya fara fita, 'yarsa ce ta raka shi. Ya ja ya tsaya a tsallaken gidan abincin da ya rubuta wa "Maraba da Baƙi", inda ya yi wa harafin ƙ wata siririyar lanƙwasa. Ita ce gwajinsa. Ya ƙura ido, ya ƙifta, ya sake ƙurawa. Babu lanƙwasa.

"Shi ke nan, 'yar nan," ya ce. "Idon bai dawo ba. Baki nake gani."

'Yar ta duba, sai ta ƙyalƙyale da dariya. "Baba, ai baki ne a rubuce! Kana kwance suka sauya allon, na bugun inji suka kafa."

Kai, zo ka ga ajiyar zuciya! Tsoho har da hawaye. Ya yi hamdala sau uku, sannan halin nasa na faɗa ya dawo. Ya ratsa motoci ba mai riƙe masa hannu, ya leƙa ciki.

"Maigida, baki kake yi wa maraba?"

"To, Baba, ai da baki ake cin abincin," in ji mai gidan abincin, yana sosa ƙeya.

"Fito min da tsani," Baba ya ce. "'Yar nan, koma gida ki ɗauko min burushi da jan fenti."