Ashirin da Shida, Ranar Alhamis

Duk wanda ya san unguwar bayan tashar jirgin ƙasa a garin Tokmok ya san Burulkan, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce tsohuwar da ƙamshin suyarta ke tare mutum a hanya kowace Alhamis. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tsefe ulu a masana'anta, har ƙurar ta bar mata tari. 'Ya'ya huɗu ta haifa, uku sun tafi ci-rani Rasha, saura 'yarta Umut da ke aiki a Bishkek, babban birnin ƙasar. Mace ce mai kafiya, in ta ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna.

Mijinta Orozali shi ke hura wutar kwal mai ɗumama makarantar unguwa tun yana saurayi har bayansa ya ranƙwafa. Tafin hannu kawai yake ɗorawa a kan bututu ya gaya maka shebur nawa wutar ke so. Shekara arba'in da shida suna tare, Burulkan ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Mutumin nan" take cewa, kowa kuma ya san wa take nufi.

Da tsufa ya hana shi ɗaukar kwal, Umut ta sa aka rushe murhun gidan, aka kafa tukwane biyu na dafa ruwan da ke zagaya bututun ɗakuna, ɗaya ta lantarki, ɗaya ta gas. A bangon lungun da ke tsakanin kicin da falo aka liƙa wani ɗan abu mai zagaye kamar marfin kwano, fuskarsa baƙin gilashi. Shi ke mulkin tukwanen. In sanyi da sauƙi sai ya bar lantarki ya yi aiki, in ya tsananta ya kashe shi ya kunna gas. Yana da ido mai ganin motsi, in ya daɗe bai ga kowa ba sai ya ɗauka an yi tafiya, ya rage wuta. Duk abin da ya yi kuma, Umut na gani a wayarta.

Orozali ya tsani abin nan. Darakta ya raɗa masa, wai don yana ba da umarni bai taɓa riƙe shebur ba. Kullum bayan la'asar zai shigo daga garken tumaki, ya karkaɗe takalmi, ya tsaya gabansa.

"Ranka ya daɗe, digiri goma sha takwas? Gwiwar ubanka ce ko tawa?"

Sai ya murɗa shi, ƙas, ƙas, ƙas, sau takwas, har ashirin da shida. Gas ya kama da gurnani a ɗakin baya. Burulkan ta leƙo daga kicin ta ce, "Mutumin nan, gasa mu za ka yi?" Haka suke kullum, har tsakiyar hunturun bara da ya kwanta bai tashi ba.

Aka kafa bukkar ulu a tsakar gida don zaman makoki, aka yanka doki, mata suka bi gidan suna rufe madubai da ƙyalle kamar yadda aka gada, ba za a buɗe ba sai bayan arba'in. Wata tsohuwa ta zo wucewa ta lungun, ta ga fuskarta a gilashin Darakta, ta yi salati, ta yayibo guntun bargo ta lulluɓe shi. Ai madubi madubi ne, komai ƙanƙantarsa. Ba wanda ya kula, don numfashin jama'a da tururin nama sun ɗumama gidan.

Ranar sadakar bakwai Umut ta zaunar da uwarta, wadda take kira Apa.

"Apa, ba zan bar ki ke kaɗai a gidan nan ba. Ana yin arba'in za ki dawo wurina, a sayar da shi."

"Benen nan naki, hawa na tara? Inda fanka ke zuƙe ƙamshin mai ta watsa wa tsuntsaye? In na soya tokoc ranar Alhamis, ta ina ƙamshin zai same shi?"

Tokoc ɗan burodi ne da ake soyawa a mai don mamata su sha ƙamshi su san ba a manta da su ba. Burulkan ta yi wa iyayenta, ta yi wa surukanta, yanzu kuma ga wanda ya fi kowa buƙata. Gidan nan ya sani, nan zai zo. Umut dai ba ta janye maganarta ba.

Da baƙi suka watse, sanyi ya shigo. Bututu suka huce, numfashin Burulkan na fita kamar hayaƙi a tsakiyar falo. Burulkan ba ta yi mamaki ba, gidan da aka fitar da gawa dole ya yi sanyi. Ta sa riga a kan riga, ta zura takalman ulu na mijinta, ta kama bakinta, don ta san kalma ɗaya in ta kai kunnen Umut, an gama. Umut kuwa kullum tana waya.

"Apa, kina ina? Wayata ta ce ba kowa a gida."

"Ina gida. Wayarki ce ba ta da tarbiyya."

Alhamis ta zo. Bayan la'asar ta ɗora kasko, mai ya yi zafi, ta jefa tokoc na farko. Tana tsaye ta ji shi daga lungu: ƙas, ƙas, ƙas. Ba ta yi niyyar ƙirgawa ba, amma takwas ne. Gas ya kama da gurnani, bututu suka fara ƙara suna miƙewa. Tsoro ta ji, na gaske, sannan wani abu mai kama da daɗi ya biyo baya, har ta ji kunyar kanta. Ba ta leƙa ba. Awa guda gidan ya yi ɗumi, sannan ya koma yadda yake. Alhamis ta biyu ma haka, ta uku ma haka.

A ta huɗu Umut ta iso da rana tsaka ba tare da ta bugo waya ba, da manyan jakunkuna biyu babu komai a ciki. Tana shiga ta rungume kafaɗunta.

"Inna lillahi! Apa, a cikin firji kike kwana?"

Ta nufi lungun, ta ga bargon, ta fizge shi. Gilashin ya kawo haske. Ta tsaya tana kallo, sai dariya ta ƙwace mata, irin mai haɗe da hawaye.

"Kun rufe masa ido! Wata guda yana tsammanin kin yi tafiya. Ke kuma kina nan kina daskarewa, ba ki faɗa wa kowa ba. Kin ga abin da nake gudu? Yau za mu haɗa kaya."

"Mayar da bargon, arba'in ba ta cika ba."

"Ba madubi ba ne, Apa!"

Burulkan ta shiga kicin ta kwaɓa gari, don Alhamis ba ta san da rigima ba. Umut ta bi ta, ta zauna a kan kujera tana duba wayarta, tana mita. Can mitar ta tsaya.

"Amma kin san yadda ake murɗa shi ashe. Ga shi nan, duk Alhamis ƙarfe huɗu saura, an kai shi ashirin da shida. An rubuta da hannu aka juya. Me ya sa sauran ranakun ba kya yi?"

"Ni ban taɓa taɓa abin nan ba tun da kika kawo shi."

Mai ya yi zafi. Ta jefa tokoc, ƙamshi ya cika kicin ya fita ta ƙofa. Su biyu ne a gidan, ƙofar waje Umut ce ta sa mata sakata da hannunta. Daga lungu aka ji ƙas. Umut ta ɗago kai. Ƙas, ƙas. Lamba na hawa a fuskar wayar da ke hannunta, ashirin da ɗaya, da biyu, har ta tsaya inda ta saba tsayawa. Gas ya kama da gurnani. Taku uku ne tsakanin kujerarta da lungun, amma ta kasa tashi.

Burulkan ta juya tokoc ɗin, ta ɗauko kwanukan shayi uku ta jera a kan tebur.

"Kin ce ba za ki bar ni ni kaɗai ba," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "To ni in na bi ki, shi wa zan bar wa?"

Da yamma Umut ta kama motar Bishkek. Jakunkunan nan biyu ta koma da su yadda ta zo da su, a naɗe a hammata.