Muryar Hedimasta a Motar Argungu

Ana idar da sallar asuba muka bar Gwadangaji da ke bakin Birnin Kebbi, ni da abokin aikina mai riƙe rikoda. Gidan rediyonmu ne ya tura mu wani ƙauye a bayan Argungu. Gidan da muke gasa da shi, mai baki ɗaya da gwamnati, ya sanar cewa an gyara firamaren ƙauyen. Editanmu kuwa, wanda ko a mafarki ba ya ganin alherin gwamnati, ya ce mu je mu ƙaryata su.

Hanya lafiya lau. Wajen Zauro shinkafa ta yi kore shar iya ganin ido. A Argungu muka karya da kunu da soyayyen kifi, abokina ya ci kamar shi ya kamo shi. Daga nan 'yan kabu-kabu suka kai mu ƙauyen a babur.

Abin da muka tarar bai yi wa kowane gida daɗi ba. An rufe azuzuwa biyu da sabon kwano, sauran babu rufi, yara suna zaune a ƙasa, malamai kuma babu. Hedimastan, wani dattijo, yana ganin rikoda ya ja da baya.

"Ɗiyana, na kusa aje aiki," in ji shi. "In an ka ji muryata, bakin iyaka za a jefa ni."

Na rantse masa za a sauya muryar. Sai ya yi magana, ya gode da kwanon, ya roƙi malamai. Edita ya dame ni da kira kada a riga mu, na tura masa hirar nan take, na jaddada masa alkawarin.

A motar dawowa direba ya kamo tasharmu. Sai ga muryar dattijon tsirara, an yanke godiyar, an bar kukan. Wata tsohuwa a gefena ta dafe ƙirji.

"Wagga ai muryar hedimastanmu ta! Mi yak kai shi?"

Na tura katin aikina cikin aljihu, ban ƙara ɗaga kai ba har Birnin Kebbi. Tsoro nake ji, wallahi, kuma ba don kaina ba.

Tafiyar nan ta koya min cewa idan gidajen rediyo suna faɗa, ba su ke jin ciwo ba. A ofis ana ta taya ni murna mun riga kowa. Ni kuwa tun jiya nake kiran dattijon, wayarsa a kashe.