Ranar da Aka Kunna Nokawut a Setapak

Shekarun baya, ina karatu a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Setapak, na ɗauki kaina marubuci. Labarin soyayya a fagen yaƙi nake rubutawa, ni da ban taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a fim. Abokina da muke ɗaki ɗaya ɗan Borno ne, tallafin karatu ya kawo shi, ba irinmu da iyaye ke ɗauke da mu ba. Ba ya zancen gida, ni ma ban taɓa tambayarsa ba.

Akwai yarinyar da nake so, 'yar manya, irin waɗanda ko jirgin ƙasan cikin gari, LRT, ba sa hawa. Da ƙyar ta yarda mu haɗu a mamak, shagon abincin da ke ƙasan gidanmu. Na ja abokina ya raka ni, don ni baki ne kawai, ba zuciya.

Lokacin bikin sabuwar shekarar 'yan China ne. Muna shan shayi da rana tsaka, sai shagon maƙwabta ya kunna nokawut, doguwar jar igiyar nan da ba ta ƙarewa. Kafin in ankara ina ƙarƙashin tebur. Abokina ya danne ni, ya rufe kaina da ƙirjinsa. Shayi ya wanke mini farar shadda. Jama'a suka kwashe da dariya, yarinyar ma ta rufe baki.

Na ture shi. Na ce ya mayar da ƙauyancinsa inda ya ɗebo shi, nan ba daji ba ne. Da Turanci na faɗa, don kowa ya ji.

Ya tashi ya tafi. Da na koma ɗaki na tarar ya yo mana tapau, ƙunshin abincin shago, kamar kullum, bai ci ba, yana jirana. Shi ya fara magana.

"Mutumina, ka yi haƙuri, na ba ka kunya. Ranar da 'yan bindiga suka shigo kasuwarmu ƙanena yana nesa da ni, ban kai gare shi ba. Kai kuma yau kana kusa."

Sai washegari bakina ya buɗe na nemi gafara. Ya ce ai ya wuce, kuma ya ci gaba da tashina sallar asuba har muka gama makaranta.

Ya yafe, na sani. Ni ne har yau kunya ba ta sake ni ba. Mutum ya sa bayansa tsakanina da abin da ya ɗauka harsashi ne, ni kuwa da na miƙe, masu kallonmu na fara dubawa.