Masu Tsayawa a Bayan Kyauta

Ni Audi Tela ba zan ɓoye maku ba, ƙyashin Kyauta nake yi. Na yi shi tun yana tafiya da ƙafa biyu, na ci gaba da yi da ya koma dogara sanda, ko jiya ma da na wuce ta bakin makaranta sai da abin ya motsa mani. Malamai sun ce hassada ba kyau. Na sani, ai ni ma ina zuwa ɗaukar karatu. Amma in tarihinsa ake so, ni ya kamata a tambaya, don babu wanda ya sa mashi ido kamar ni.

Kyauta taubashina ne, ɗan goggona Azumi. Sai da ta shekara goma sha ɗaya a ɗaki ba haihuwa sannan aka same shi, shi ya sa sunan. Garinmu ɗaya, Gidan Sodangi, wani ɗan ƙauye kusa da Tamawa, tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Ubansa ginar rijiya yake yi, shi ma ita ya gada. Da damina ya noma gero da wake, da rani ya saɓa dagi da igiya ya shiga ƙauyuka, har Kuki da Karofi ana aiko mashi. Kullum ka gan shi jawur da ƙasa, har cikin kunne.

Ni kuwa a Dutsin-Ma na koyi ɗinki, na dawo gida da kekena. A 1954 na shiga ajin Yaƙi da Jahilci, na fito da satifiket, na sa shi a gilashi na rataye inda duk mai kawo ɗinki zai gani. Duk wasiƙar da ta shigo garinmu ni ke karanta ta. Kyauta kuwa in ka miƙa mashi takarda, sai ya tambaye ka ina ne samanta.

A 1957 aka gina mana makarantar elemantare, aji biyu na ƙasa da rufin ciyawa. Bayan shekara biyu En'e, wato hukumar gargajiya, ta aiko cewa kowane ƙauye mai makaranta ya zaɓi mutum ɗaya da zai zauna a kwamitin makarantu, wanda ke taro a Dutsin-Ma duk bayan wata uku. Ni na karanta wa dagaci takardar. Kafin in kai ƙarshenta na riga na ga kaina a kan kujerar. Wa kuma? Na sayi yadi fari, na ɗinka wa kaina riga har da aiki a wuya.

Yadda ake zaɓe a wurinmu, masu nema za su tsaya a ƙofar dagaci su fuskanci gabas, magidanta su yi layi a bayan wanda suke so. Ba ka waiwaya sai dagaci ya gama ƙirga. Na fito na tsaya ni kaɗai, har na fara murmushi, sai wani tsoho ya ce ai mutum ɗaya ba ya yin zaɓe, a kira Kyauta. Daga cikin rijiyar masallaci aka fito da shi, yana yasa, da laka har gwiwa. Aka tsayar da shi kusa da ni, ina ta janye rigata kar ya shafa mani.

Na kasa kunne ina jin takun mutane a bayana, ina lissafi a zuci. Dagaci Sodangi ya bi layi da sandarsa yana taɓa kafaɗu. Da ya gama ya ce, “Audi, talatin da biyu. Kyauta, talatin da uku.”

Na waiwaya. Wallahi da ban waiwaya ba ya fi mani. Can ƙarshen layin Kyauta ga yayana Atiku, uwa ɗaya uba ɗaya, ya harɗe hannu a baya kamar ba abin da ya yi. Da ya matsa taku uku zuwa dama, da ni ne wakili. Na same shi da yamma na ce, “Yaya, me na yi maka?”

Ya ce, “Ba ka yi mani komai ba, Audi. Amma kai in an aike ka, kanka za ka kai masu su gani. Shi saƙon zai kai.”

Shi ko gogan, a gaban jama'a ya dafa ni ya ce, “Taubashi, ara mani rigar mana, tunda yanzu ba inda za ta.” Aka kwashe da dariya. Na yi yaƙe na wuce. Ashe matata Tani ta ɗauki maganar da gaske, wai taubashi ba a hana shi abu. Ta ninke rigar ta aika wa matarsa Kande. Da rigata Kyauta ya je zama a kujerata. Kwana uku ban ci tuwon Tani ba.

Da ni ne, na san abin da zan nema wa makarantar: kayan makaranta na kaki, kowane yaro riga da wando, mata da ɗan kwali, su fito fes. E, ni ne tela a garin, to sai me? Shi kuwa wakilin namu, sai ya je ya zauna a gindin tsamiyar bakin makaranta da ɗan ƙoƙo biyu a gabansa. Kwana bakwai yana zuwa tun da sassafe, ba ya tashi sai azahar. Ba ya shiga aji, ba ya yi wa kowa magana. Na bi gari ina cewa ga abin da kuka zaɓa, mai gadin tsamiya.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Malam Abdulƙadir, mai duba makarantu na En'e, ya biyo da tsakar rana ya tarar da aji kusan wayam, ya ce a taro mai zuwa za a yanke rufe makarantarmu a kwashe bencina a kai wani gari. Sai Shaiɗan ya raɗa mani wata dabara. Na ɗauko alƙalami na rubuta wa Malam Abdulƙadir wasiƙa cewa duk laifin na wakili ne, jahili ne, bai san baƙi ba, ya kamata a sauya shi da mai ilmi. Ban sa suna ba. Kai, wauta! Mu biyu ne masu rubutun boko a garin, ni da hedimasta Malam Sabitu, shi kuma kowa ya san hannunsa.

Ranar taro na ce wa Tani zare ya ƙare, na hau keke sai Dutsin-Ma. Na laɓe a jikin tagar ɗakin taron. Wakilai sun jeru, wannan na neman rufin kwano, wancan na neman ƙararrawa. Da aka zo kanmu, Malam Abdulƙadir ya tura rajistar yara gaban Kyauta ya ce, “Wakilin Gidan Sodangi, an ce ba ka karatu. To ga rajista, me za ka ce a kan makarantarku?”

Zuciyata ta yi fari tas. Na ce yau ake yin ta.

Kyauta ya ture rajistar a hankali, ya sa hannu a aljihun rigata ya fito da ƙulli biyu na tsumma. Ya kwance na farko, wake ya zube a kan tebur. “Ranka shi daɗe, wannan yaran da ke shiga da safe ne, ƙwaya ɗaya yaro ɗaya. Talatin da takwas.” Ya kwance na biyu. “Waɗannan su ke dawowa bayan an tashi tara. Sha huɗu. Sauran na bi su da ƙafata. Ƙishirwa ke kai su ƙorama, da nisa, can iyayensu mata ke tonon ruwa a yashi. Uwa ta ga ɗanta, sai ta ɗora mashi tulu ya kai gida. Yaron da ya ɗauki tulu kuwa ba ya komawa aji ran nan. Ba karatun suka ƙi ba. Ruwa ne babu.”

Malam Abdulƙadir ya ce En'e ba ta shirya gina rijiya bana ba. Kyauta ya ce, “Ban ce ku gina ba. Ku dai bar mana bencina zuwa faɗuwar ruwan farko.” Aka amince. Sai Malam Abdulƙadir ya ɗago wasiƙata ya duba ya ce, “Wanda ya rubuta wannan dai hannunsa da kyau,” ya ninke ta ya share ɓawon wake da ita. Na sunkuya na ja kekena. Zaren ma ban saya ba.

Kyauta ya zaɓi wuri a bayan aji, tsakanin wani suri da itacen ɓaure, ya ce inda gara ta yi gini kuma ɓaure ya yi kore da rani, ruwa ba ya nisa. Ya yi gayya, gari ya fito. Ni ban je ba. Ina zaune a kan kekena ina gaya wa masu kawo ɗinki cewa ƙasar nan dutse ce, wahalar banza suke yi. Amma kullum da yamma sai in tambayi Tani, kamar ba ruwana, gaba nawa aka kai. Gaba shida jar ƙasa. Gaba tara marmara, sai da dagi biyu suka lanƙwashe. A gaba na goma sha ɗaya ya fara turo yashi mai danshi a kwando, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuma na ɗinke wa wani mutum aljihu ta ciki saboda haushi.

Washegari da hantsi gefen rijiyar ya rufta mashi a ƙafa. Atiku ne ya ɗaura igiya ya shiga ya tono shi. Aka ɗora shi a jaki aka kai shi wurin mai ɗori a Kurfi, ƙafar ta karye wuri biyu. Zan faɗi gaskiya ko da za ku tsane ni: da aka gaya mani, kafin in ce innalillahi, kujerar ce ta fara faɗo mani a rai. Na ji kunyar kaina, har yau ina ji. Bayan kwana biyu mutanen gari suka ƙarasa ginar, ruwa ya ɓulɓulo, garai-garai.

Da taro ya matso, Kyauta ya aiko in zo. Na same shi kwance a tabarma, ƙafa ɗaure da karare, rigata a ninke a gefensa, an wanke ta tas. Ya ce, “Taubashi, ga rigarka, ta samu wurin zuwa. Ka je ka gaya masu ruwa ya fito.” Ya miƙo mani ƙulli biyu, Atiku ya ƙirga mashi: arba'in da ɗaya da safe, arba'in da ɗaya bayan tara. Sannan ya dube ni yana ƴar dariya ya ce, “Ka rubuta masu a takarda ma. An ce hannunka da kyau.”

Ashe ya sani. Bai ƙara tayar da maganar ba, wannan ma ya fi ci mani rai.

Na je na zauna a kujerar. Tana da ƙafa ɗaya gajera, tana rawa. Da aka zo kanmu Malam Abdulƙadir ya ce, “Wakilin Kyauta, bismilla.” Na kwance waken. Aka bar mana makaranta.

A 1962 aka sake zaɓe. Kyauta ya ce ƙafarsa ba ta iya zirga-zirgar Dutsin-Ma, ba zai tsaya ba. Muka tsaya ni da Ɗanmusa mai sayar da hatsi, muka fuskanci gabas. Dagaci ya ce a yi layi. Na kasa kunne. Shiru. Na ji mutum biyu uku sun nufi wajen Ɗanmusa, bayana kuwa ko tari babu. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a kan tsakuwa, a hankali, har ta tsaya daidai ƙeyata. Ina jin numfashinsa. Daga nan sai ƙafafu suka taso ɗuu, kamar an buɗe wa tumaki garke.

Ni hamsin da takwas, Ɗanmusa tara. Na waiwaya da sauri, ga Kyauta, ga Atiku a bayansa. Daɗi ya kama ni, na ce, “Yaya, yau kam ka tsaya a bayana.”

Ya ce, “A bayan Kyauta na tsaya, Audi. Kai ne dai a gabansa.”

Shekara shida ke nan ina kan kujerar. Na samo rufin kwano, na samo aji na uku, kayan kakin ma an yi, ni na ɗinka su. Amma in baƙo ya tambayi hanyar makaranta, cewa ake yi ya miƙe har Rijiyar Kyauta. Shi kuwa yana nan gindin tsamiya da sandarsa, yara na gaishe shi suna wucewa da gorunansu. Kowane zaɓe sai ya lallaɓo ya tsaya a bayana, kowane zaɓe in ci. Wani lokaci nakan so a yi zaɓen ranar da ba ya gari, in ji takun mutum nawa zai nufo ni. Bara sai ga shi ranar ta zo daidai da tafiyarsa Kurfi ganin mai ɗori. Ni da kaina na je na roƙi dagaci ya ɗaga zaɓen da kwana biyu, har Kyauta ya dawo.